Yadda ake tsayar da saƙonnin talla na kamfanin layi, da abin da ke hana wasu tsayawa

Tambaya: Kamfanin layin wayata ya dame ni da saƙonnin talla, daga garabasar data sai gasar cin kyauta sai waƙar da mai kira zai riƙa ji. Na toshe su a wayata, amma bayan kwana biyu sai su dawo da wani sunan. Na mayar da amsa da STOP, saƙon ya ƙi tafiya. Yaya zan yi in rabu da su gaba ɗaya?

Amsa: Malam, abubuwa biyun da ka yi su kowa ke fara yi, kuma kowanne akwai dalilin da ya sa bai biya maka buƙata ba. Toshe lamba a waya ba ya hana kamfani turowa. Saƙon yana fitowa daga na'urarsu ya iso har cikin wayarka, ita ce take ɓoye maka shi. Ranar da suka sauya sunan da ke fitowa a saman saƙon, wayar ba ta san sabon ba, sai ta buɗe masa ƙofa. Inda ake kashe talla da gaske shi ne cikin rajistar kamfanin, wurin da aka rubuta a gaban lambarka ko ka yarda a yi maka talla ko ba ka yarda ba. Can ya kamata ƙoƙarinka ya nufa.

Kafin nan sai ka tantance abin da ke shigo maka, domin saƙonnin da suke kama da juna a fuskar waya ba hanya ɗaya suke biyowa ba. Akwai tallan da kamfanin layin ke yi wa kayansa. Akwai na wasu kamfanoni da suka sayi damar tura saƙo da yawa lokaci guda ta layin. Akwai na tsare-tsaren da aka yi wa lambarka rajista ana cire maka kuɗi, irin su labaran wasanni, wasan kacici-kacici da waƙar kira. Sannan akwai na 'yan damfara da ke aron sunan kamfanin. Ban da waɗannan akwai saƙonnin aiki: katinka ya shiga, datarka ta kusa ƙarewa, ga lambar sirrin da ka nema, za a yi gyara a sabis. Waɗannan na ƙarshe ba a ɗaukarsu talla, kuma za su ci gaba da zuwa ko me ka kashe. Ɗauki minti biyar ka bi saƙonnin mako guda da suka wuce, ka duba abu biyu a kowanne: abin da aka rubuta a wurin mai turowa, da layin ƙarshe na saƙon, inda galibi ake sa yadda ake fita.

Wurin mai turowa shi zai gaya maka dalilin da STOP ɗinka ya maƙale. Idan suna ne aka rubuta da haruffa, ba lamba ba, to babu inda amsa za ta sauka. Tsarin saƙon tes ya ba kamfanoni damar sa suna mai haruffa har 11 a madadin lamba, amma sunan lakabi ne kawai, babu layi a bayansa. Shi ya sa wata wayar ma ba ta ba ka wurin rubuta amsa, wata kuma ta karɓa ta ce saƙon bai tafi ba. STOP na aiki ne idan mai turowa gajeriyar lamba ce, mai alƙaluma uku zuwa shida, ko cikakkiyar lambar waya da aka haɗa da na'urar da ke karanta amsa. Idan suna ne, nemi lambar fita a cikin saƙon kansa, ko ka tafi kai tsaye ga lambar da hukumar sadarwar ƙasar da layin yake ta ware.

Wannan lamba ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Najeriya hukumar NCC ta wajabta wa dukan kamfanoni lambar 2442 tun 2016: STOP zuwa 2442 yana rufe talla gaba ɗaya, HELP yana kawo jerin rukunoni idan akwai wanda kake so a bar maka, kamar na banki ko na ilimi ko na lafiya, STATUS yana nuna matsayin layinka, ALLOW kuma yana sake buɗewa. A Indiya lambar ita ce 1909, ƙarƙashin hukumar TRAI. A Amurka dokar TCPA ta 1991 ita ce ginshiƙi, kuma tun Afrilun 2025 ƙa'idar hukumar FCC ta ce wanda ya janye izininsa dole a cire shi cikin kwanakin aiki goma. A Birtaniya ƙa'idojin PECR na 2003 sun yarda kamfani ya tallata wa wanda ya riga ya zama abokin cinikinsa kaya makamancin wanda ya saya, da sharaɗin kowane saƙo ya zo da hanyar fita. A ƙasashen Tarayyar Turai sashe na 21 na dokar GDPR ya ba mutum 'yancin cewa a daina amfani da bayanansa wajen talla, kuma kamfani ba shi da hujjar ƙi. Idan ƙasar da kake ba ta cikin waɗannan, shafin hukumar sadarwarta ko sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin za su ba ka lambar.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka sani. Rajistar ƙasa ta masu cewa kada a dame su ba ko'ina take ɗaure kamfanin da kake hulɗa da shi ba. A Amurka, alal misali, rajistar da aka buɗe a 2003 ta bar wa kamfanin da ka yi ciniki da shi damar nemanka har wata 18 bayan cinikin, sai fa in ka gaya masa shi kansa ya daina. Kai kuwa kullum cikin ciniki kake da kamfanin layinka, duk katin da ka sa ciniki ne. Saboda haka ko ka yi rajistar ƙasa, ka bi ta da ta kamfanin.

Wajen tura kalmar ma ana yawan tuntuɓe, kuma duk ƙananan abubuwa ne. Na'ura ce ke karanta saƙon, ba mutum ba, don haka kalmar kaɗai za ka rubuta, babu sallama, babu roƙo, babu aya a ƙarshe. Duba kada madannin wayar ya gyara maka kalmar zuwa wata. Idan wayarka mai sim biyu ce, tabbatar saƙon ya fita ta layin da ake damunka a kai, domin da yawa suna turawa ta ɗaya layin su rufe talla a inda ba a taɓa damunsu ba. Kowane layi da nasa, sai ka yi wa kowanne daban.

Akwai wani kuma da ya fi ɓuya. Wayoyin Android suna tsayar da saƙon da za a tura zuwa gajeriyar lamba su tambaye ka, don wasu irin waɗannan lambobi na cin kuɗi. Idan ka taɓa danna ƙi tare da alamar a tuna zaɓinka, daga ranar wayar za ta riƙa hana irin wannan saƙo fita ba tare da ta sake ce maka komai ba. Gyaransa yana cikin saitin waya, sashen manhajoji, ƙarƙashin izini na musamman, inda aka rubuta Premium SMS. Zaɓi manhajar saƙonninka ka mayar da ita kan ta riƙa tambaya, sannan ka sake turawa.

Alamar cewa ya shiga ita ce amsar tabbatarwa, wadda kan zo cikin 'yan mintuna. Kada ka goge ta, ɗauki hotonta yadda rana da lokaci za su fito. Idan ba ta zo ba, ka ɗauka buƙatarka ba ta isa ba. Idan ta zo kuma talla ya ci gaba kwana ɗaya ko biyu, ba lallai ne an yi watsi da kai ba. Masu shirya talla kan ciro jerin lambobi tun kafin ranar turawa su loda wa na'ura, sai abin da aka riga aka jera ya ƙare sabon jeri zai fito babu kai. Ba su mako guda. Abin da ya zo bayan haka ya zama abin ƙorafi.

Mataki na gaba shi ne asusunka na kamfanin, ta manhajarsu ko shafinsu na intanet. Nemi sashen sirri ko na zaɓin yadda za a tuntuɓe ka. Abin lura shi ne kusan kullum maɓallan a rarrabe suke: na tes daban, na kira daban, na imel daban, na sanarwar manhaja daban, sannan wani na raba bayananka da abokan kasuwancinsu. Wanda ya kashe na tes kaɗai sai ya ga tallan ya koma kiran murya da aka naɗa. Kashe su duka, musamman na ƙarshen, don ta nan lambarka ke fita zuwa hannun wasu. Wasu kamfanonin suna da maɓalli na daban na tallan da ake tsarawa bisa inda kake da yadda kake amfani da layi. Wannan shi ke jawo saƙon garabasa a daidai lokacin da datarka ta ƙare, shi ma a kashe shi.

Idan babu wannan sashe, ko ka kashe bai yi ba, kira sashen kula da abokan hulɗa. Yadda ka faɗi buƙatar yana da tasiri. In ka ce saƙonni na damunka, mai amsawa zai koya maka yadda ake toshe lamba a waya, ka koma gidan jiya. Ce masa kana so a cire lambarka daga duk wani tallan kamfanin da na abokan hulɗarsa, ta tes da ta kira da ta akwatin da ke faɗowa a fuskar waya, kuma a karanta maka duk tsarin da ke kunne a layinka. Kafin ka ajiye, karɓi lambar ƙorafi ka rubuta ta tare da ranar. Kiran da babu lambar ƙorafi a kansa wuyar bibiya gare shi.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so ka mai da hankali a kai, domin a nan asara take. Saƙon da ke zuwa kullum kusan lokaci guda, mai ɗauke da sakamakon wasa ko nasihar lafiya ko tambayar gasa, sau da yawa ba talla ba ne. Kayan da ake sayar maka ne, ana cire kuɗinsa daga katinka kullum ko duk mako, kaɗan-kaɗan yadda ba za ka ankara ba. Rufe talla ba ya taɓa irin wannan, saboda a rajistar kamfanin an rubuta kai ka nema. Toshe shi a waya kuwa ya fi muni: ka daina ganin saƙon, cirar kuɗi na nan, har da sanarwar sabuntawa da za ta tona asirin abin ita ma ta ɓoye. Kamar mutum ne ya rufe famfon da ke yoyo da kwando don kada ya ga ruwan.

Yadda mutum ke faɗawa ciki ba tare da niyya ba hanyoyi ne sanannu. Akwatin talla ya faɗo a fuskar waya kana tsakiyar rubutu, yatsanka ya sauka kan amincewa. Ko ka kira wani, murya ta ce danna lamba kaza don samun waƙar da kake ji, kuncinka ya danna. Ko kana lilo a intanet da datar layin ka taɓa wani hoto: a wasu tsare-tsaren layin da kansa yake miƙa wa shafin lambarka, don haka ba sai ka rubuta komai ba, taɓawa ɗaya ko biyu ta isa a yi maka rajista. Ko kuma an ba ka gwajin kyauta na 'yan kwanaki da ke komawa na kuɗi da kansa. Akwai kuma layin da aka gada: kamfanoni na sake sayar da lambar da ta daɗe ba a amfani da ita, kuma sunan lambar kan rage a jerin tallan wasu kamfanoni daga zamanin mai ita na farko.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Da dare kashe data, duba ragowar katinka ka rubuta, kada ka kira kowa, da safe ka sake dubawa. In ya ragu, akwai abin da ke ci. Tsarin mako-mako ba zai bayyana a dare ɗaya ba, don haka ka duba tarihin cire kuɗi na wata guda a manhajar kamfanin, ko takardar kuɗin wata idan layinka na biyan ƙarshen wata ne. Yawancin kamfanoni suna da lambar da ke jero tsare-tsaren da ke kunne ta ba ka damar kashe su ɗaya bayan ɗaya. A Najeriya, tun da aka daidaita gajerun lambobi a 2023, *305# ce a kowane layi. Bayan ka kashe, nemi abu biyu daga kamfanin: su gaya maka rana da hanyar da aka ce ka yi rajistar, kuma in akwai damar, su rufe layinka daga duk wani cajin kamfanonin waje. Idan ba su iya nuna yardarka ba, nemi a mayar maka da kuɗinka, haƙƙinka ne.

Sai tallan da ba ya zama a akwatin saƙo, wanda STOP ba ya ko kusantarsa. Idan akwati ne ke faɗowa tsakiyar fuskar waya da maɓallin amincewa da na ƙi, galibi daga sim ɗin kansa yake, ta ƙaramar manhajar da ake kira SIM Toolkit. A Android tana cikin jerin manhajoji, wani lokaci da sunan kamfanin layin. A iPhone tana cikin saitin layi, ƙarƙashin manhajojin sim. Buɗe ta ka nemi sabis ɗin labarai ko na nishaɗi, ka shiga wurin kunnawa ka kashe. Ban ba da shawarar a yi dabarar kashe manhajar ɗungurungum ba, saboda a wasu layukan ta nan ake tura kuɗi da tabbatar da biya. Idan rubutu ne kawai ya rufe fuskar waya, ka kore shi ya ɓace ba ya barin alama, wannan saƙon walƙiya ne, tes ne da aka yi wa alamar ya bayyana nan take ba tare da an adana shi ba. Waya ba ta da cikakken maganinsa, sai daga kamfanin, shi ya sa na ce ka ambace shi a kiranka. Ɗauki hotonsa kafin ka kore shi. Akwai kuma wanda turken sabis ke watsa wa duk wayar da ke yankin, ba ya ɗauke da lambar mai turowa kuma ba lambarka aka nufa ba. Ana kashe tashoshinsa a saitin saƙonni, amma ka bar na gargaɗin gaggawa a kunne, ta wannan hanyar ake sanar da ambaliya da girgizar ƙasa a ƙasashe da dama. Na manhajar kamfanin kuwa danna sanarwar ka riƙe, ka kashe rukunin talla.

Bayan duk wannan ne matatar waya take da amfani, don share ragowar. Google Messages na da kariya daga saƙonnin banza a saitinta, iPhone kuma na da maɓallin ware saƙonnin waɗanda ba ka adana lambarsu ba. Sai dai ka yi hattara da toshe babban sunan kamfanin, domin wasu da suna ɗaya suke turo talla da shaidar shigar kati da lambar sirri ta wucin gadi. Ka toshe shi yau, bayan wata biyu ka zauna jiran lambar shiga asusu ba ta zo ba, alhali tana kwance a akwatin da aka toshe. In sunan na haɗaka ne, kashe masa ƙara kawai ka bar shi yana shigowa shiru.

Duk abin da na faɗa game da STOP na saƙon da ka tabbatar daga kamfani na gaskiya yake ne. Wanda ya zo daga baƙuwar lamba, ko ya ce ka ci kyauta a gasar da ba ka shiga ba, ko za a rufe layinka cikin awa kaza in ba ka danna mahaɗi ba, kada ka amsa masa ko da kalma ɗaya, amsar tana tabbatar musu lambar na da rai. Mahaɗin da ya ce danna nan don fita shi ma kada ka taɓa. Ganin sunan kamfanin a sama ba shaida ba ce, don ana iya ƙirƙirar sunan, kuma waya za ta jera saƙon bogi a ƙarƙashin na gaskiya tunda suna ɗaya suka zo da shi. Wasu ma da na'urar da ke kwaikwayon turken sabis suke yawo, ta jawo wayoyin kusa zuwa 2G ta zuba musu saƙo ba tare da ya bi ta kamfanin ba. Daga Android 12 wasu wayoyi suna da maɓallin kashe 2G, amma inda sabis ɗin kira ya dogara da 2G kashe shi zai bar ka babu sabis. A Amurka da Birtaniya ana tura irin wannan saƙo zuwa 7726, su mayar da tambayar lambar da ta turo, a Faransa kuma 33700.

Idan mako ya wuce da amsar tabbatarwa kuma tallan kamfanin bai tsaya ba, rubuta musu ƙorafi a rubuce ka haɗa hoton amsar, hotunan saƙonnin da suka biyo baya da ranakunsu, da lambar ƙorafin farko. Hukumomin sadarwa kusan duka sai sun tambaye ka ko ka fara kai wa kamfanin, wannan lambar ita ce shaidarka. A Najeriya layin ƙorafin NCC shi ne 622, a Birtaniya ofishin kare bayanan jama'a, wato ICO, ke karɓar ƙorafin tes na talla, a Amurka kuma FCC.

Saura abu ɗaya: rufewar na iya warwarewa. Sauya sim bayan ya ɓata, ƙaura da lambarka zuwa wani kamfani, komawa sabon tsarin kira, shiga gasa, karɓar kyautar data, ko amincewa da sabbin sharuɗɗan manhaja ba tare da duba akwatunan da aka riga aka yi wa alama ba, kowanne na iya sake rubuta yardarka a rajista. Duk lokacin da ka yi ɗaya daga cikinsu, tura kalmar duba matsayi ko ka leƙa sashen zaɓi a asusunka, sannan ka sake jero tsare-tsaren da ke kunne a layin.